An Bar Baba Gidaɗo a Dukawuya

Ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan azahar, masu motocin Italiya na cikin Birni sukan hallara a bakin Ƙofar Nassarawa su yi zagayen ƙofofi a jere. Ba su da yawa. Tsofaffin Fiyat ne suka fi rinjaye, sai Lansiya guda biyu, sai jar Alfa ta Alhaji Mikail, shugabansu. 'Yan adaidaita sahu suna yi musu ihun "'yan taliya", su kuwa ko a jikinsu. Zumuncinsu na gaske ne, wannan ba a musu. In motar ɗaya ta mutu a hanya duk sai su tsaya, in an yi wa ɗaya rasuwa su ne farkon zuwa, su ne ƙarshen tashi. Amma suna da wata al'ada da ba ta da komai a cikinta sai kwaɗayi. In sun kai Dukawuya suka yi la'asar, kowa zai jefa makullinsa cikin hula, a girgiza, kowa ya sa hannu. Motar da ka zaro makullinta ita za ka tuƙa har a koma Nassarawa. Manyan mutane ne, masu iyali, wasu da furfura, amma a kan wannan hular sai ka ga suna rawar jiki.

Umar ɗan Soron Ɗinki yana cikinsu. Farar Fiyat ɗin da yake fita da ita ta mahaifinsa ce, Baba Gidaɗo, tsohon direban babbar mota, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Tsufa ya taɓa wa Baba ƙwaƙwalwa. Wata rana ya gane mutum, wata rana ya dube shi kamar baƙo. In aka bar ƙofa a buɗe sai ya fice ya miƙa, bai san inda ya nufa ba. Tun da matarsa ta rasu, ƙanwarsa Gwaggo Mailafiya ce ke kula da shi, ita ke ba shi abinci da magani, ita ke kwana kusa da ƙofarsa.

Abokan Umar sun daɗe suna cewa ya kawo musu Baba su gan shi. A wannan Asabar, cikin tsakiyar damina, ya je ya durƙusa gaban Gwaggo ya faɗa mata.

"A'a," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Gwaggo, zagaye ne kawai. Kafin magariba mun dawo. Ya sha iska, ya ga mutanensa."

"Mutanensa suna makabartar Ɗandolo a kwance. Waɗannan naka ne." Ta ture faranti ta dube shi. "Kai ka san yadda ake tsaron mutum? Ko fitsari zai yi sai an tsaya a kansa."

"Zan tsaya, Gwaggo. Ubana ne fa."

Baba yana zaune a tabarma, ya ji an ambaci mota, sai murmushi yake yi yana shafa gwiwa. Wannan murmushin ne ya karya mata zuciya. Ta tashi ta ɗauko masa farar riga da hula, ta saka masa da hannunta, ta raka su har soro.

A Nassarawa an yi murna. Kowa ya zo jikin taga ya rusuna ya gaishe da Baba. Modu, wani Babarbare mai shagon turare, wanda ba ya ganin Umar bai yi masa tsokanar Barebari da Fulani ba, ya leƙo ya ce, "Baba, ka ga yadda bawan nan nawa ya mai da motarka? Tuƙa ta yake kamar yana korar shanu."

"Rufe mana baki, sarkin barkono," in ji Umar. "Taka ma da turi take tashi."

Baba ya yi dariya, ba don ya gane ba, don ya ga ana yi.

Suka ɗauki hanya a hankali, Alfa a gaba, saura a bayanta, suka wuce Ɗan Agundi, suka wuce Na'isa da Gadon Ƙaya. Baba ya kafa ido a titi, hannunsa na dama yana motsi kamar yana sa giya. Da suka isa Dukawuya suka jera motoci a gefen titi. Umar ya fito da mahaifinsa, ya yi masa alwala, ya zaunar da shi a kan wani benci ƙarƙashin darbejiya a gefen masallaci, Baba ya yi sallarsa a zaune. Har nan babu wanda zai ce Umar ya gaza.

Suna sallamewa hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa rumfuna. Alhaji Mikail ya cire hularsa ya ce, "Jama'a, a yi sauri kafin ya sauko." Makullai suka zuba. Umar ya sa hannu, ya zaro, ya duba. Na Alfa ne.

Tun ranar da ya shiga ƙungiyar yake fatan wannan makulli, bai taɓa dacewa ba. Aka ɗau shewa, ana bubbuga masa kafaɗa. Modu ya ɗaga nasa sama ya ce, "Ni kuma akwalar Fulani na samu! Yau zan ji abin da ke ƙara a cikinta." Umar ya ji wannan, sai zuciyarsa ta yanke masa hukunci mai sauƙi: Baba a Fiyat ya zo, a Fiyat zai koma, Modu zai ɗauke shi. Bai faɗa wa Modu ba. Bai waiwayi bencin ba. Ya nufi jar mota yana goge hannu a riga. Modu kuwa da ya buɗe Fiyat ya ga kujerar gaba babu kowa, sai ya ce a ransa ai ɗa ba zai samu mota mai sanyi ya bar ubansa a mai zafi ba. Gilashin Alfa baƙi ne, ba a ganin ciki. Yayyafi ya fara, kowa ya faɗa motar da ya samu, suka tashi.

Ruwa ya sauko sosai tun kafin su kai Kabuga. Umar yana gaba, yana jan ayari, yana sauraren kukan inji, yana jin kansa wani. Suka bi ta Kansakali da Waika, cunkoso ya riƙe su a Mazugal, ya sake riƙe su a Wambai. Duk tsawon wannan tafiya ko sau ɗaya mahaifinsa bai faɗo masa a rai ba.

Ruwa ya tsagaita lokacin da suka dawo Nassarawa. Umar ya fito yana washe baki, ya miƙa wa Alhaji Mikail makulli. Fiyat ta iso daga can baya. Modu ya fito yana riƙe ƙugu.

"Kai, Bafillace, wannan kujera taka ta karya ni. Ina Baba? Ya ji daɗin sanyi?"

Umar ya tsaya da dariyar a bakinsa. "Wane sanyi? Ba yana wajenka ba?"

"Wajena kamar yaya?"

Umar ya ture shi ya leƙa cikin Fiyat. Gaba babu kowa. Baya babu kowa. Ya buɗe ƙofar baya ya duba ƙasan kujera, kamar dattijo zai shige can. Ya dafa motar.

"Modu, don Allah bar wasa."

"Wallahi ba wasa nake ba. Na ɗauka kai ka ɗauke shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Alhaji Mikail. Ya juya ya ɗaga murya. "Wa ya ɗauko Baba Gidaɗo? Wa ya gan shi bayan salla?"

Kowa yana kallon na kusa da shi. Dukansu sun gaishe shi, dukansu sun wuce ta gaban bencin nan, kowa idonsa a kan makulli.

Modu ne ya ja Fiyat, Umar yana zaune a gefensa. Sauran suka biyo su, babu jere babu tsari, kowa yana danna oda. Ruwa ya kwanta a titi, motoci suna rarrafe. Umar yana kallon kwalbatocin gefen hanya, ruwa ja yana gudu a ciki da ƙarfi, yana jan leda da itace. Irin wannan ruwan yana ɗauke saurayi mai ƙarfi, balle tsoho da ba ya ganin gabansa sosai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro. Gwaggo ce. Ya riƙe ta a hannu har ta katse.

"Ɗauka mana," in ji Modu.

"In ce mata me?"

A Dukawuya bencin yana nan, jiƙe sharkaf, babu kowa a kai. Umar ya zagaya masallaci, ya leƙa banɗaki, yana kiran "Baba! Baba!" Wata mai gasa masara da ta fake a ƙarƙashin rumfa ta ce ta ga wani tsoho mai farar riga ya tashi da ruwa ya fara, ya shiga lungun can. Ta nuna da mafici.

"Me ke ta can?" Umar ya tambaya.

"Gidaje. Sai kududdufi a ƙasa."

Lungun ko adaidaita ba za ta shiga ba. Alhaji Mikail ya raba su biyu-biyu, ya ce kowa ya ɗauki lungu ɗaya, wanda ya ga wani abu ya kira. Suka bar motocin da suke goge wa ƙura da gefen riga a bakin titi, suka naɗe wanduna, suka faɗa cikin taɓo. Umar da Modu suka bi gangare.

Kududdufin ya cika ya batse, ya cinye hanyar da ake bi ta gefensa. Babu alamar inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Umar ya tsaya yana raba ido. Can tsakiya, kusa da kainuwa, wani farin abu yana yawo, ya kumbura, yana juyawa a hankali. Ya shiga ruwan da takalmansa, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, laka tana riƙe masa ƙafa. Modu ya biyo shi ya cafke masa riga ta baya.

"Dawo! Buhu ne, Umar, buhu ne, dubi bakinsa!"

Buhu ne. Amma wannan bai sanyaya masa rai ba, domin ruwan yana da faɗi, kuma abin da ya nutse ba ya tasowa nan take. Ya fito daga ruwan. Wayar ta sake ƙara, Gwaggo ce dai. Bai ɗauka ba. Rana ta yi ƙasa, ya san in duhu ya shiga ba za a ga komai ba sai gobe, kuma ya san abin da ake samu gobe. Ya ga kansa tsaye a soron gidansu ana shigo da makara, Gwaggo tana kallonsa.

Wayar Modu ce ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Ina? Ga mu nan." Ya kama hannun Umar. "Alhaji ne. An ce akwai wani tsoho a wani gida ta sama. Yana da rai."

Suka ruga. A ƙofar gidan mutane sun taru, matasa sun fi yawa, Alhaji Mikail yana tsaye a gefe an hana shi shiga. Umar ya kutsa. A cikin soro, a kan tabarma, ga Baba Gidaɗo an lulluɓa masa bargo. Babu hula, babu takalmi, laka har gwiwa, tafin ƙafarsa ɗaya yana jini. Kusa da shi wani dattijo mai gemu ne zaune, shi ne maigidan, Malam Yusuf, wanda ya tsinto shi a bakin kwalbati yana neman tsallakawa.

"Baba!" Umar ya zube a gabansa ya kai hannu.

Baba ya dubi wannan mutum jiƙaƙƙe, mai laka da jajayen idanu, yana haki. Ya ja jiki baya ya riƙe hannun Malam Yusuf.

"Baba, ka san wannan?" in ji Malam Yusuf.

"Ban san shi ba."

Wani saurayi mai faɗin ƙirji ya matso ya tare ƙofa.

"Malam, wallahi mahaifina ne. Ba shi da lafiya, mantuwa ce da shi. Tare muka zo, muka..."

"Kuka yi me?"

"Muka tafi muka bar shi."

"Ka ji," in ji saurayin. "Wai ubansa ne ya manta da shi kamar buta. Malam, irin su ne fa. Su zo da motoci su ɗauke mutum, ba a ƙara jin labarinsa."

Daga waje aka fara hayaniya. Wani ya ce a je a duba but ɗin motocin da suka ajiye a titi, wani ya ce a fasa su. Alhaji Mikail yana ta faɗin sunansa da unguwarsu, babu mai saurare. Modu ya yi ƙoƙarin shigowa aka dafe masa ƙirji. Umar ya ga wani ya sunkuya ya ɗauki guntun bulo. Ya san yadda irin wannan taro yake ƙarewa, mutum ɗaya ne zai fara.

Malam Yusuf ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Ba a gidana ba." Ya juyo kan Umar. "Ni ba zan miƙa maka shi a kan rantsuwa ba. Amana ce Allah ya kawo ƙofata. In ubanka ne, nuna mini. Ko hotonku tare."

Umar ya ciro waya, ya buɗe hotuna. Fiyat ta gaba, Fiyat ta gefe. Inji a buɗe. Alfa a bakin ƙofa, shi tsaye a jikinta. Ya yi ta ja, ya yi ta ja, wata ya bi wata. Saurayin yana leƙe ta kafaɗarsa.

"Motoci ne kawai, Malam," in ji shi.

Haka ne. Mutumin da yake kwana gida ɗaya da mahaifinsa, ba shi da hotonsa ko ɗaya.

"To wa ya sani a gidanku?" in ji Malam Yusuf. "Wa zai ji muryarsa ya amsa?"

Umar ya san amsar, ita yake gudu tun daga Nassarawa. Ya danna kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka.

"Kuna ina? Ina ta kira! Lokacin maganinsa ya wuce. Ba ni shi."

"Gwaggo, na bar Baba a Dukawuya. Na hau wata mota na tafi, na manta da shi, ruwa ya dake shi. An tsince shi, yana nan da rai a wani gida. Amma ya ce bai san ni ba, sun hana ni shi."



"Sun yi daidai," in ji Gwaggo. "Kai masa wayar kunnensa."

Malam Yusuf ne ya karɓa ya kai. Muryarta ta sauya, ta yi laushi. "Hamma? Hamma Gidaɗo?" Da haka take kiran yayanta. Sai ta zarce da Fillanci, wanda Umar bai iya ba sai gaisuwa. Baba ya karkata kai. Fuskarsa ta saki.

"Mailafiya," ya ce. "Sanyi nake ji."

"Ga ni nan zuwa, Hamma. Kada ka tashi." Sannan da Hausa, da ƙarfi: "Maigidan nan, Allah ya saka maka da alheri. Wancan ɗansa ne, ba ƙarya ya yi ba. Amma kada ka ba shi. Ni zan zo in ɗauki ɗan'uwana. Yi mini kwatance."

Wanda ya ɗauki bulo ya yar. Taron bai watse ba, sai dai yanzu ba duka suke jira ba, kallon Umar suke yi, kuma wannan kallon bai fi duka sauƙi ba. Aka kira magariba. 'Yan ƙungiyar suka taru ɗaya bayan ɗaya daga lunguna, kowa da taɓonsa, suka bi sahu a masallacin unguwar. Umar ya yi tasa a soro, a gefe, don kada ya kau da ido.

Ana idarwa Gwaggo ta iso. Ba ta dubi kowa ba sai Malam Yusuf, ta durƙusa ta yi masa godiya. Ta cire mayafinta na sama ta naɗa wa yayanta a kai, ta ɗaga shi. Alhaji Mikail ya matso.

"Hajiya, laifin namu ne gaba ɗaya. Ga motata can, bari in kai ku."

"Na gode, Alhaji. Da adaidaita na zo, tana jirana."

Suka raka ta har titi, manyan mutane a bayan tsohuwa. Ta shigar da Baba, ta zauna ta rungume kafaɗarsa. Adaidaitar ta tashi, motocin suka bi bayanta a hankali har bakin lungun Soron Ɗinki, nan suka tsaya. Modu ya miƙa wa Umar makulli, ya buɗe baki kamar zai yi tsokana, sai ya fasa ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Da safe zan shigo."

A tsakar gida Gwaggo ta zaunar da Baba a kujera, ta sauya masa riga, ta ba shi magani. Umar yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa tana ɗiga.

"Tsayuwar me kake yi? Ɗauko ruwan zafi da gishiri. Kai za ka wanke ƙafar nan, akwai kwalba a ciki."

Ya kawo, ya durƙusa, ya kama ƙafar. Baba ya fizge ta, ya dubi ƙanwarsa a tsorace.

"Wane ne wannan?"

"Mai wanke ƙafa ne, Hamma. Bar shi." Ta dafa masa gwiwa ta riƙe. Ga Umar kuwa ta ce, "Yi a hankali. Kuma kada ka yi masa kuka a kai, tsoro zai ji."